Jaka a Baya, Tikiti a Hannu: Daga Oslo Zuwa Bergen a Jirgin Ƙasa



A ranar 27 ga watan Nuwamba na shekarar 2009, gidan talabijin na ƙasar Norwe, NRK, ya nuna wani shiri wanda a cikinsa ya ɗaura kyamara a goshin jirgin ƙasan da ke tashi daga birnin Bergen zuwa Oslo, ya bar ta tana kallon hanya har fiye da awa bakwai. Babu wasan kwaikwayo, babu mai gabatarwa da ke cika wa mutane kunne. Layin dogo ne kawai da duwatsu da tafkuna da dusar ƙanƙara. In jirgin ya shiga rami a cikin dutse, duhu ya rufe, sai su sako tsofaffin hotunan tarihin layin har ya fito. Mutum fiye da miliyan ɗaya suka leƙa shirin a wannan rana, a ƙasar da jama'arta a lokacin ba su kai miliyan biyar ba. Bikin cikar layin shekara ɗari ake yi. A kan wannan hanya za mu yi magana yau, da kuma matasan da ke bin ta da jaka a baya da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba a aljihu.

Duk wanda ya san Turai zai ce maka Norwe ba ƙasar talaka ba ce. Farantin abinci guda a gidan cin abinci na Oslo ya isa ya sa baƙo ya ajiye cokali ya fara lissafi, kwanan otal kuwa ba a magana. Amma kowace bazarar Turai, daga ƙarshen Yuni zuwa Satumba, za ka ga ɗalibai da ƙananan ma'aikata daga Jamus da Faransa da Polan da wasu wurare sun cika tashoshi, kowa da ƙatuwar jaka, tanti a ɗaure a ƙasanta. Ba 'ya'yan attajirai ba ne. Abin da suka gane shi ne tsadar ƙasar ta taru ne a wuri uku: gado, dafaffen abinci, da gaggawa. Dutsen da aka zo gani, da ruwan sha, da ƙasar da za a kafa tanti a kai, waɗannan doka da al'ada sun bar su ga kowa. Mu kan ce araha ba ta ado. A wannan hanya dai, ni a ganina, mai ƙaramin guzuri ya fi mai babban aljihu ganin ƙasar, domin rashin kuɗi yana tilasta masa ya sauka ya taka ta da ƙafarsa.

Ba don 'yan yawon buɗe ido aka gina layin ba. A ƙarni na 19 Bergen, babban birnin kasuwanci na gaɓar yamma, ya fi kusa da Ingila ta ruwa fiye da yadda yake da babban birnin ƙasarsa ta tudu. Tsakaninsu akwai Hardangervidda, shimfiɗaɗɗen tudun da ya fi kowanne faɗi a arewacin Turai, inda itace ba ya tsirowa, ƙanƙara kuma kan kwanta fiye da rabin shekara. Mai son zuwa babban birni sai ya shiga jirgin ruwa ya zagaye kudancin ƙasar na 'yan kwanaki. An fara da guntun layi daga Bergen zuwa Voss a 1883. A 1894 majalisa ta amince a haura tudun, aka kuma buɗe dukan layin a 1909, shekara huɗu kacal bayan Norwe ta rabu da Suwidin. Ku tuna, wannan kafin man fetur ne, domin sai a 1969 aka gano mai a tekunsu. A wancan zamani ƙasa ce ta masunta da ƙananan manoma, wadda 'ya'yanta dubu ɗaruruwa suka yi ƙaura zuwa Amurka neman abinci.

Leburori ne suka fasa dutsen da guduma da kurfi da nakiya, da yawansu 'yan ci-rani daga Suwidin. Ramin Gravhals kaɗai ya haura kilomita 5, kuma ramukan layin gaba ɗaya sun kai kusan 180. Kafin a shimfiɗa dogon, sai da aka fara yanka hanyar kai kaya da abinci ga ma'aikata. Wannan hanya tana nan har yau, sunanta Rallarvegen, kuma za mu sake haɗuwa da ita. Abin lura a nan, shekara biyu bayan buɗe wannan layi, a 1911, jirgin ƙasa ya iso Kano. Layukan biyu sa'o'in juna ne. Na Norwe an sa masa lantarki gaba ɗaya tun 1964, kuma jirage da dama na bin sa kowace rana, rani da hunturu.

To, mu zo kan tikiti, inda lissafin mai jaka ke farawa. Daga Oslo zuwa Bergen kusan kilomita 500 ne, tafiyar kusan awa bakwai. Kamfanin Vy ne ke tafiyar da jiragen, wanda kafin 2019 ake kira NSB. Farashin kujera ba tsayayye ba ne. Ana fitar da wani adadi na tikiti masu rahusa makonni kafin ranar tafiya, in sun ƙare sai farashi ya hau. Wanda ya saya da wuri ta intanet, ya kuma yarda da jirgin asuba ko na tsakiyar mako, zai iya biyan abin da bai kai rabin na wanda ya zo tasha ranar Juma'a da yamma ba, alhali kujera ɗaya ce, taga ɗaya. Sharaɗin shi ne mai rahusar ba a mayar da kuɗinsa in ka fasa.

Akwai kuma tikitin gama-gari na jiragen Turai: Interrail, wanda aka fara a 1972, na mazauna Turai ne ko da wane fasfo suke riƙe da shi, Eurail kuma na waɗanda suka zo daga waje. Wanda bai kai shekara 28 ba yana samun ragi. Amma kada sunan ya ruɗe ka. Idan Norwe kaɗai za ka zaga, kuma ka san ranakunka, sau da yawa tikitin rahusa ɗai-ɗai ya fi sauƙi. Gama-garin yana biyan kansa ne ga wanda zai ratso ƙasashe uku ko huɗu, ko wanda ba ya son ya ɗaure kansa da rana. Wasu kuma kan hau jirgin dare don su tsira da kuɗin gado. Dabara ce, sai dai mutum ya biya kuɗin hanya mafi kyau a ƙasar ya wuce ta yana minshari. Gara a yi haka a dawowa.

Kafin duk wannan akwai ƙofar da matashin Jamus bai san da ita ba. Norwe ba ta cikin Tarayyar Turai, amma tana cikin yankin Shengen, don haka mai fasfon Najeriya ko Nijar ko Gana sai da biza, ko da a Ingila yake zaune. Kuɗin neman bizar yuro 90 ne tun daga 2024, kuma ba a mayarwa in an hana. Ana neman inshorar lafiya da za ta iya ɗaukar yuro 30,000, da takardar banki, da shaidar inda za ka kwana. Nan ne abin ya zama abin dariya: ƙasar da dokarta ta ba ka damar kwana a daji kyauta, ofishin bizarta yana son ganin adireshin masauki. Saboda haka wannan irin tafiya ta fi sauƙi ga 'yan'uwanmu da ke karatu ko aiki a cikin yankin Shengen, waɗanda katin zamansu ya riga ya buɗe musu iyaka. Ga wanda zai taso daga gida, kuɗin jirgin sama da na takardu sun cinye arahar tun kafin a ga dutse ko ɗaya, kuma bai kamata a ɓoye wa kowa wannan ba.

Mu ce an wuce wannan, an shiga tarago a babbar tashar Oslo. Awa biyun farko babu abin mamaki: unguwanni, garin Drammen, gonaki, dazuzzukan itatuwa masu tsini. Daga nan jirgin ya shiga kwarin Hallingdal yana bin kogi, yana tsayawa a Gol da Geilo, yana hawa a hankali yadda ba za ka ji a jikinka ba sai dai kunnenka ya ɗan toshe. Bayan Geilo ne abin ke sauyawa. Itatuwa su fara gajarta, su koma 'yan tsirarun kututture masu karkata, sannan su ɓace ɗungurungum. Sai dutse tsirara, da gansakuka, da tafkuna masu launin toka, da faci-facin ƙanƙara a gefen layi a tsakiyar watan Yuli. Jefi-jefi jirgin ya kutsa cikin wata doguwar rumfa da aka gina masa don kada ƙanƙara ta binne dogon. A wannan tudu ne garken barewar daji mai rassan ƙaho mafi girma a Turai ke kiwo, ko da yake ba kasafai take yarda a gan ta daga jirgi ba.

Tasha mafi tsayi ita ce Finse, mita 1,222 sama da teku. Babu titin mota da ke zuwa can. Ko ka zo a jirgi, ko a keke, ko a ƙafa. Akwai otal, da masaukin masu tafiyar ƙafa, da 'yan gidajen katako, da tafki, can ƙetarensa kuma farin dunƙulen ƙanƙarar Hardangerjøkulen wadda ba ta narkewa. A nan aka ɗauki wani ɓangare na fim ɗin Star Wars a 1979, da ake neman wurin da zai yi kama da wata duniyar ƙanƙara. Yawancin fasinjoji kan leƙo su ɗauki hoto su koma kujerunsu. Mai jaka shi ne ke sauka, jirgin ya tafi ya bar shi da iska.

Abin da ya ba shi ƙarfin halin sauka doka ce. Tsohuwar al'ada ce a ƙasar cewa daji da dutse na kowa ne ya ratsa, a 1957 kuma aka rubuta ta ta zama dokar ƙasa. Ko ƙasar mallakin wani ce, muddin ba gona ba ce, ba farfajiyar gida ba, ba shingen kiwo da aka gyara ba, kana da ikon ka bi ta, ka huta, ka tsinki 'ya'yan itacen daji, ka kafa tanti. Sharuɗɗan kaɗan ne kuma a fili suke. Ka nisanci gidan da mutane ke ciki da aƙalla mita 150. Kada ka wuce kwana biyu a wuri guda ba da izinin mai wurin ba, sai fa a can ƙuryar duwatsu inda ba kowa. Daga 15 ga Afrilu zuwa 15 ga Satumba ba a hura wuta a daji ko kusa da shi, shi ya sa kowa ke ɗauke da ɗan rishon gas. Kuma ka tashi da sharar ka. Dokar ba ta tambayi ɗan ƙasa ne kai ko baƙo ba.

Wannan ne ginshiƙin tafiyar baki ɗaya. Cire wannan doka, babu sauran maganar araha a Norwe. Kuma ina so a lura ba kyautar attajirai ba ce, ba kuma tallan hukumar yawon buɗe ido ba. Jama'a ne suka yanke wa kansu cewa mallakar ƙasa ba ta kai ga hana wani ya kwana a kanta dare ɗaya ba, suka kuma riƙe ɗaya ɓangaren alkawarin, wato kada a ɓata wa mai wuri wurinsa. Inda baƙi suka yi yawa suka manta da wannan ɓangare, kamar tsibiran Lofoten a arewa, mazauna sun daɗe suna kuka da shara da bahaya a bayan gidajensu, har ana ta muhawarar ƙara tsaurara dokar.

Wanda ba ya son ɗaukar tanti yana da wata hanyar. Akwai ƙungiyar masu tafiyar ƙafa ta ƙasa, DNT, wadda aka kafa a 1868. Tana da bukkokin katako fiye da 500 a warwatse cikin duwatsu, an jera su yadda za ka tashi daga ɗaya da safe ka isa ta gaba kafin dare, kana bin jan harafin T da aka shafa a kan duwatsu. Wasu suna da ma'aikata da ke dafa abinci. Wasu kuwa babu kowa. Ɗan ƙungiya yana da makulli guda da ke buɗe su. Ka buɗe ka shiga, ka cire takalmi a bakin ƙofa, ka tarar da gadaje masu hawa biyu, da murhu da itace a jere, da bokitin ɗebo ruwa daga rafi. A ɗan ɗakin ajiya ga gwangwanaye a kan kanta, ga taliya, ga busasshen burodi, ga shayi, ga takardar farashi a manne. Ka ɗauki abin da kake so, ka rubuta da hannunka abin da ka ci, ka biya. Babu mai gadi, babu mai ƙirga gwangwani a bayanka. Da safe ka share, ka cika bokiti, ka shigo da itace don wanda zai zo bayanka. Ba kyauta ba ne, kuma ga aljihun ɗalibi ba ƙaramin kuɗi ba ne, amma bai kama ƙafar otal ba. Al'adarsu kuma ita ce ba a mayar da wanda ya iso cikin dare, ko a ƙasa ne za a shimfiɗa masa katifa.

Batun ciki kuwa, 'yan ƙasar da kansu sun riga sun nuna hanya. Ma'aikacin banki da ɗan makaranta duk da ƙunshinsu suke fita: yankan burodi uku ko huɗu, kowanne da ɗan cuku ko kifi a kai, an naɗe a takarda. Ba abin kunya ba ne ka buɗe naka a cikin jirgi, kowa haka yake yi. Don haka mai jaka kan shiga kantunan rahusa irin su Rema 1000 ko Kiwi ya sayi burodi, da cukun nan nasu mai ruwan ƙasa da ɗan zaƙi, da kifin gwangwani, ya cika filas da shayi. Ruwan famfo ana sha ko'ina, sayen na roba asara ce. A tuna yawancin manyan kantuna a rufe suke ranar Lahadi, wanda bai yi sayayya ranar Asabar ba zai ɗanɗana farashin shagon tasha. Kuɗin hannu ma ba su cika amfani ba, har ban-ɗakin tasha da kati ake biya. Musulmi zai sami naman halal a unguwar Grønland, 'yar tafiya kaɗan daga babbar tashar Oslo. Da zarar an hau tudu kuwa, kifi da cuku da ƙwai su ne abin dogaro, kuma a riƙa duba jikin fakiti, domin naman alade yana shiga abubuwa da yawa da ake shafa wa burodi.

Sai lokutan salla. A ƙarshen Yuni rana ba ta faɗuwa a wannan yanki sai wajen ƙarfe goma sha ɗaya na dare, kafin ƙarfe biyar ta sake fitowa, tsakani kuma sama ba ta yin duhu sosai. Mai jiran shafaƙi ya ɓace kafin ya yi Isha'i zai daɗe yana jira. Masallatan Oslo da Bergen suna fitar da jadawalin da malamansu suka tsayar, shi ya kamata mutum ya sauke a wayarsa kafin ya shiga inda babu sabis.

Kada hasken nan ya yaudari kowa. Tudun yana kisa. Rana na iya fitowa da hantsi, kafin azahar hazo ya rufe, iska ta taso da ruwa mai sanyin da ke shiga ƙashi. A hutun Ista na 1967 mutum 18 suka mutu a duwatsun ƙasar, abin da ya sa aka dage da koya wa jama'a ƙa'idojin shiga dutse, waɗanda yara ke haddacewa har yau. Ɗaya daga ciki tana cewa a juya da wuri, komawa baya ba abin kunya ba ne. Rigar auduga in ta jiƙe ta zama abokiyar gaba, ulu ake sawa a jiki, rigar ruwa a sama. Nan ne kaɗai wurin da ban yarda a yi tsumulmula ba: takalmi, rigar ruwa, da bargon kwana. Akwai sauro kuma, da yawa, sai dai ba ya ɗauke da zazzaɓi.

Daga Finse jirgin kan shige wani rami mai tsawon kilomita 10 da aka buɗe a 1993, ya fito ya gangara zuwa Myrdal, wata 'yar tasha a maƙale tsakanin duwatsu, mita 866 sama da teku. A nan reshen Flåm ya rabu. Tsawonsa kilomita 20 ne kawai, amma a cikinsu yake sauka daga wannan tsayi har bakin ruwa. A mafi yawan hanyar, duk mita 18 da jirgin ya yi gaba ya sauka mita ɗaya. Ramuka 20 ne, 18 daga ciki da hannu aka haƙa, aka buɗe layin a 1940. Jirgin kan tsaya a magangarar ruwa ta Kjosfossen, fasinjoji su fito kan dandamali feshin ruwa na dukan fuskarsu, sai a saki kiɗa, wata mace cikin jar riga ta ɓullo daga bayan dutse tana rawa, wai ita ce aljanar daji ta tatsuniyoyinsu. Minti biyar, a busa usur, kowa ya koma.

Layin abin gani ne, ba musu. Amma yanzu na 'yan yawon buɗe ido ne, kuma farashinsa ya nuna haka. Tafiyar awa ɗaya na iya kai kuɗin tikitin rahusa na dukan hanyar Oslo zuwa Bergen, tikitin gama-gari ma ragi kawai yake samar maka. Mai jaka sai ya gyara igiyar takalmi ya bi tsohuwar hanyar leburori. Daga Myrdal tana saukowa a kwana 21 masu kaifi, tsakuwa na zamewa a ƙarƙashin ƙafa, ruwa na zuba a gefe, gwiwa na rawa. In ka kai ƙasa sai kwari ya buɗe: awaki da ƙararrawa a wuya sun tare hanya ba su da niyyar matsawa, kogi mai ruwan kore yana bin ka, gonaki ƙanana a manne da gindin dutse, tsohon cocin katako na ƙauyen. Awa biyar ko shida ce ga mai tafiya a natse. Jirgin zai wuce ka sau da yawa, fuskoki a jikin gilashi. Su sun ga kwarin, kai ka san tsawonsa. Sannu ba ta hana zuwa.

A ƙarshen hanyar ne za ka tarar da abin da ya kawo kowa, wato fiyod: teku ce ta kutso cikin ƙasa ta wani siririn kwari mai zurfi, duwatsu a tsaye dama da hagu. Wanda ya ga yadda ruwan damina ke cin ƙasa ya bar kwazazzabo ya san rabin labarin. A nan ƙanƙara ce ta yi aikin, mai kaurin fiye da kilomita, tana jan jiki zuwa teku tana niƙa dutse da duwatsun da ta kwaso, zamani bayan zamani. Ta ci kwarin har ya zarce ƙasan teku zurfi. Da ta narke, kimanin shekara dubu goma da suka wuce, sai ruwan gishiri ya biyo ya cika gurbin. Flåm tana bakin wani reshe ne na Sognefjord, wanda ya shiga cikin ƙasa kilomita 205, zurfinsa kuma a wani wuri ya kai mita 1,308. Wato a wannan wuri ruwan ya fi tsayin da ka hau a Finse zurfi.

Zurfin nan ne ya sa katafaren jirgin ruwa mai ɗauke da dubban masu shaƙatawa ke iya shigowa har bakin ƙauyen da mazaunansa 'yan ɗaruruwa ne. Ranar da irinsa ya sauka, Flåm kan koma kasuwar tsaraba. Kwarin kuma gonaki ne, ba a kafa tanti barkatai, sai a filin kwana na biya. Shawarata, kada a daɗe. Idan akwai wuri guda da ya cancanci mai jaka ya buɗe bakin aljihu, to jirgin ruwan Flåm zuwa Gudvangen ne, tafiyar kusan awa biyu ta cikin Nærøyfjord, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren gadon duniya a 2005. A wani wuri faɗinsa mita 250 ne kacal, duwatsun gefensa kuwa sun haura mita dubu. Wannan ba ya ganuwa daga jirgin ƙasa, ba ya ganuwa daga mota. Mai mota a wannan yanki ma ya fi kowa asara, domin titin yakan bi ta ƙarƙashin dutse. Ramin Lærdal da ke kusa kilomita 24 da rabi ne na fitilu da kwalta.

Daga Gudvangen bas ce za ta kai ka Voss, ka sake kama jirgin ƙasa, cikin awa ɗaya da 'yan mintoci ka sauka a Bergen. Kamfanoni na sayar da dukan wannan zagaye a dunƙule, a yi shi a yini ɗaya. Jirage da bas ɗin da suke sa ka a ciki na kowa ne, kana iya sayen tikitinsu ɗai-ɗai ka raba tafiyar kwana huɗu.

A Bergen ka fito da rigar ruwanka tun a tasha, domin ruwan saman da birnin ke samu a shekara ya ninka na Kano fiye da sau biyu. Ka gangara bakin tashar jiragen ruwa, unguwar Bryggen, inda dogayen gidajen katako masu launi-launi ke jingine da juna. Nan ne fataken Jamus suka zauna ɗaruruwan shekaru suna sayen kaya guda: kifin da masuntan arewacin Norwe ke ratayewa a kan katako cikin iskar hunturu, ba gishiri ba hayaƙi, har ya bushe ya yi tauri. Shi ya gina birnin. Kuma kun san shi. Shi ne wanda Ibo ke kira okporoko, Yarbawa ke kira panla, wanda ake sarawa da adda a kasuwar Sabon Gari. Najeriya na cikin manyan masu sayensa a duniya har gobe, musamman kawunan. Ka shiga shagon tsaraba a Bryggen ka tambayi farashin ɗan ƙunshinsa, za ka gane cewa wannan kaya dai a gida ya fi araha.

Wanda guzurinsa bai ƙare ba, akwai layin Rauma daga Dombås zuwa Åndalsnes, kilomita 114 a gindin bangon dutsen Trollveggen, akwai kuma na Trondheim zuwa Bodø, kilomita 729, wanda ke kai mutum yankin da rana ba ta faɗuwa sam a tsakiyar bazara. Waɗannan sai wani jiƙon.